Na tono zobe mai lamba 750 da tsofaffin kwabbai a gidanmu na Aboabo, Kumasi, yaya zan gane na gaske?

Sani_Aboabo
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar masu sani nake nema. Wata biyu ke nan da yayana ya aiko mini da na'urar gano ƙarfe daga Jamus, irin ƙaramar nan ta masu koyo. Tun zuwanta ban tono komai ba sai ƙusa da marfin kwalba da guntun gwangwanin madara. To ranar Asabar aka rushe tsohon ɗakin ƙasa da ke bayan gidanmu, za a zuba harsashin sabon gini, sai na roƙi Baba ya bar ni in bi wurin kafin magina su zo. Na samu kwabbai bakwai masu huji a tsakiya, da wani babban kuɗi fari mai hoton wata mata da shekarar 1780, an yi masa maratayi a sama. Na samu zobe rawaya an buga 750 a cikinsa, sai wani ɗan abu na tagulla mai kusurwa huɗu da zane a kansa, bai kai akwatin ashana girma ba. Wani mutum a unguwa ya ji labari, ya ce zai ba ni sidi 1,500 ya kwashe duka yau-yau. Gaggawar tasa ce ta sa na ja baya. Yaya ake gane zoben nan zinariya ne ko jabu? Shi kuma kuɗin 1780 ɗin, da gaske ya haura shekara 240?

MaiSikeli_Alabar
Wa alaikumus salam. Ƙanina kada ka sayar, ko da ya ninka kuɗin. Mai sayen da ba ya son ka kwana da kayanka ya ga abin da kai ba ka gani ba.

Ni a gaban maƙera na tashi. Lambar 750 tana nufin a cikin kashi 1,000 na ƙarfen, 750 zinariya ce, wato karat 18. Haka 585 karat 14 ne, 875 karat 21, wanda alhazai suka fi kawowa daga Makka, 916 kuma karat 22. Amma lamba ba hujja ba ce. Ƙarfen buga lambar ana sayar da shi a kasuwa, kowa na iya bugawa a jikin tagulla ya shafa mata ruwan zinare. Faɗa mini, da ka ciro shi daga ƙasa yaya launinsa yake? Akwai kore-kore ko baƙi a wani wuri?

Bashir_Magazine
Sa masa mayen ƙarfe kawai. In ya kama jabu ne, in bai kama ba zinariya ce. An gama.

MaiSikeli_Alabar
Malam Bashir, rabin maganarka daidai ne. In ya kama, akwai baƙin ƙarfe ko nikel a ciki. Amma tagulla ba ta kama mayen ƙarfe, jan ƙarfe ba ya kamawa, dalma da alminiyam ma haka. Yawancin zobban jabu na tagulla ne, ka ga za su tsallake gwajinka lafiya lau. Da wannan gwajin kaɗai aka cuci mutane da yawa.

Bashir_Magazine
To na ƙaru, Allah ya saka. Mu a Suame baƙin ƙarfe muka sani.

Sani_Aboabo
@MaiSikeli_Alabar yaya, na duba da fitilar waya. Wajensa rawaya ne yana sheƙi, amma ta ciki, kusa da lambar, akwai ɗan kore kamar gansakuka. A ƙasan zoben kuma inda yake gogar hannu launin ya ɗan yi ja-ja.

Hajiya_Sawaba
Ku dakata da zancen zobe tukuna. Sani ɗana, farin kuɗin nan mai hoton mata sunansa liyari. Wallahi da na karanta sai da na tuna Innarmu, Allah ya jiƙanta. Tana da guda uku a zare ɗaya, ba ta sa su sai ranar suna ko biki, in an gama ta naɗe a tsumma ta sa a ƙasan adaka. Ta ce kakarta ce ta zo da su daga Arewa lokacin fataucin goro. A da mace in tana da liyari ko mijinta ya karye ba ta tashi a tutar babu ba, shi ne ajiyarta. Maƙeran fari kuma su narka shi su yi awarwaro da zobe. Namu wajen rabon gado suka ɓace, har yau ban san hannun da suka faɗa ba. Don Allah kada ka ba mutumin nan, ka tambayi tsofaffin gidanku tukuna. Abin wuya mai maratayi ba ya zuwa ƙarƙashin ɗaki da ƙafarsa, wata ce ta ajiye ko ta yar.

Ɗan_Salaga
Hajiya ta faɗi sunan daidai. Matar da ke jiki Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya, a 1780 ta rasu. Ga inda mutane ke ruɗewa: bayan rasuwarta ba a daina buga kuɗin ba, kuma ba a sake shekarar ba, domin 'yan kasuwar Larabawa da Habasha da namu na nan ba su yarda da wanda ba 1780 ba. An buga shi a Biyana, daga baya aka buga a Landan da Faris da Rum da Bombai, kuma har yau Ostiriya na buga shi da wannan shekara. Saboda haka Sani, naka yana iya zama na zamanin kakan kakanka, yana iya zama na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Shekarar ba ta gaya maka komai.

Abin da za ka duba shi ne nauyi. Na gaske giram 28 ne da ɗan ɗoriya kaɗan, azurfarsa kashi 833 cikin 1,000, wato azurfa tsantsa a ciki ta ɗan haura giram 23. Naka zai ɗan fi saboda maratayin, ko ya ɗan gaza saboda gogewa. Sai ka juya gefensa, na gaske akwai rubutu mai tudu a kewaye da bakinsa, IUSTITIA ET CLEMENTIA. Na zubi ba ya iya fitar da wannan rubutu da kyau, za ka ga layin haɗi a gefe da ƙananan ramuka kamar na ƙuraje a fuska. In ka ɗora shi a kan yatsa ka ƙwanƙwasa da wani kuɗi, azurfa tana da amo mai tsawo, na dalma kuwa "ɗif" zai yi ya mutu, sai dai maratayin na iya rage amon.

Kawu_Tanko
Yaran yanzu ba su san kuɗinmu ba. Mai huji babba shi ne kwabo, rabinsa ɗari, ɗan ƙaramin kuma anini, goma ke yin kwabo. Sai taro kwabo uku, sisi kwabo shida, sule kwabo goma sha biyu mai hoton giginyar manja, fataka sule biyu. Mukan zura su a igiya mu ɗaura a ƙugu in an aike mu kasuwa. Ni na kashe su da hannuna ina yaro kafin Nkrumah ya kawo kuɗinsa mai hotonsa a 1958. Sani ka duba da kyau, za ka ga tauraro mai tsini shida a baya, a gaba kuma akwai rubutun Larabci a ƙarƙashin hujin.

Ɗan_Salaga
Kawu Allah ya ƙara lafiya, amma itacen da ke jikin sule kwakwar manja ce, ba giginya ba. Bari in ƙara wa Sani wani abu: ka karanta sunan sarkin da ke kan kowane kwabo. In ka ga Edward VIII da 1936, wannan sarkin bai cika shekara a kan gado ba ya yi murabus, kuma a Ingila kanta kuɗinsa bai shiga hannun jama'a ba. Amma mu nan an buga mana, tun da kwabo mai huji ba ya buƙatar hoto, suna kawai. Abin sha'awa ne a ajiye, sai dai an buga su da yawa ƙwarai, ba zai saya maka fili ba. Sulen da aka buga daga 1913 zuwa 1919 shi ne azurfa mai kyau, daga 1920 aka fara rage ta har aka koma rawayan ƙarfe.

Kawu_Tanko
Haka ne, kwakwa nake nufi, baki ne ya zame. Tsufa.

Zulai_Tafo
To ni abin da na ji shi ne kwabo mai huji akwai wani sinadari a ciki da Turawa ke nema, har ana sayen ɗaya da miliyoyi. Ba shi ya sa mutumin ke gaggawa ba?

Awudu_Jado
'Yar'uwa Zulai, wannan maganar ita ce ƙugiyar 'yan damfara, ki kiyaye ta. Da kwabo suke yi, da tsohon dutsen guga mai zakara, da tsohon keken ɗinki. Ɗaya zai zo ya ce yana saye da kuɗi mai yawa, amma sai an gwada da wani magani. Na biyu ya fito ya ce shi ke sayar da maganin. Ke ki biya kuɗin magani, daga nan ba mai saye ba mai sayarwa, wayoyi duk a kashe. Kwabon nan jan ƙarfe ne da nikel, na 1952 zuwa gaba kuma tagulla, babu wani abu a ciki.

Ni na ɗanɗana irin wannan cuta ta wata hanya. A 2014 da zinariya ta fashe a Jado, arewacin Nijar, ina cikin waɗanda suka tafi. Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi inji a hannun wani ɗan kasuwa a Agadas, kwalinsa da tambarinsa da takardunsa duk irin na babban kamfani. Muka shiga sahara, kwana goma sha ɗaya, na kusa da mu suna tono, namu sai kuka yake yi a kan kowane dutse. Da wani mai gyara ya buɗe cikinsa sai ya ce mana kwaikwayo ne, ƙarfinsa bai wuce na wasan yara ba. Kuɗin gonar mahaifiyata ne ya tafi a nan, har yau in na tuna ba na iya barci sosai. Don haka jabu ba a zobe kaɗai yake ba, har injin ma. Wanda zai saya ya nemi dillalin da kamfani ya amince da shi, ya tura lambar jikin injin a tabbatar masa kafin ya biya. Kuma duk wanda ya nuna maka sanduna biyu ko wani akwati mai eriya ya ce yana jiyo zinariya daga nisan kilomita, tashi ka bar wurin.

Bashir_Magazine
Allah ya mayar da alheri Malam Awudu. Irin sandunan nan ne wani Bature ɗan Ingila ya sayar wa Iraƙi a matsayin na'urar gano bam, a 2013 kotu ta ɗaure shi shekara goma. In gwamnati ta faɗa, ina ga talaka.

Nuhu_Asawase
Ina karatun shari'a, kuma akwai abin da ba wanda ya taɓo. Sani, a gidanku ka yi tono da izinin mahaifinka, wannan da sauƙi. Amma ranar da ka saɓa na'urar nan ka nufi daji wajen Konongo ko Obuasi ko Manso, sunanka ɗan galamse, mai haƙar zinariya ba lasisi, a idon jami'an tsaro, ko kwabo kake nema. Tsarin mulkin 1992, sashe na 257, ya ce duk ma'adinin da ke ƙasa yadda Allah ya halicce shi na ƙasa ne, a hannun Shugaban Ƙasa yake amana. Dokar ma'adinai ta 2006 da gyaran da aka yi mata a 2019 ta sa ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga mai haƙa ba lasisi. Zobe da kwabo ba ma'adini ba ne, gaskiya, amma kafin ka gama wannan bayani ka kwana a bayan kanta.

Sai kuma ɗan abin tagullan nan. Dokar gidan tarihi ta 1969 ta ce wanda ya tsinci kayan tarihi ya sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Gana, ba a haƙa don neman su sai da izini, ba a kuma fitar da su waje sai da takarda.

Zulai_Tafo
Haba Malam Nuhu, don ɗan guntun tagulla sai an je ofis? Wa ya taɓa yi?

Nuhu_Asawase
Abin da doka ta ce na faɗa, 'yar'uwa. Ko ana bi ko ba a bi wannan wata magana ce.

Fati_Ayigya
Yaya Sani, abin tagullan da ka kwatanta ya yi kama da ma'aunin zinariya na Asantawa, abrammuo suke ce masa. Kafin kuɗin Turawa garin zinariya ne kuɗi a nan, kowane ɗan kasuwa yana da jakarsa mai sikeli da cokali da waɗannan ma'aunai. Akwai masu siffar mutum da dabba da ke ɗauke da karin magana, akwai masu kusurwa da zane irin naka, waɗanda ake ganin sun fi daɗewa. Har kalmar pesewa daga sunan ƙaramin awon zinariya ta fito, sidi kuma daga sunan wuri, irin wanda mu ma muka samo kalmar kuɗi daga gare shi.

Matsalar ita ce har gobe ana zuba su. Je ka Krofofrom ta hanyar Ahodwo ko Cibiyar Al'adu a Bantama, za ka ga sababbi tuli ana yi wa baƙi, da kakin zuma da yumɓu kamar yadda kakanni suka yi. Wannan sana'a ce ta halal. Masu cuta su ne waɗanda ke saye su jiƙa a asid ko su binne wata uku, su fito da su a ce na zamanin sarkin Asantawa Osei Tutu na farko ne. Tsoho na gaske gefensa ya goge ya yi santsi saboda hannu, wani ma za ka ga an ɗiga masa dalma ko an kankare gefe don a daidaita nauyi. Naka dai tun da a ƙarƙashin ɗaki ka same shi ba wanda ya binne don ya yaudare ka. Kada ka goge shi da toka ko lemun tsami, dattin nan shi ne shaidarsa. Ruwa da tsohon buroshin haƙori sun isa, har kwabban ma.

Kawu_Tanko
Tun da an zo maganar kayan Asantawa, bari in ja kunnen samari. Mu baƙi ne da aka ba masauki a ƙasar nan, kakanninmu sun zauna lafiya don sun san iyakarsu. A 1921 da aka gane wasu sun kwashe kayan adon zinariya daga Kujerar Zinariya ta masarautar Asantawa a inda aka ɓoye ta, sarakuna hukuncin kisa suka yanke, Turawa ne suka mayar da shi kora daga ƙasa. Kuma waɗannan 'yan ƙasa ne. Kayan da sojojin Ingila suka kwashe a 1874, sai a 2024 aka ga wasu sun dawo Manhyia, fadar sarkin Asantawa, wasunsu ma aro aka ba da. Mutanen da suka jira shekara 150 ba za su yi wasa da mai tona musu ƙasa ba. Maƙabarta, kurmin tsafi, tsohon gidan sarauta, kada na'urarka ta kusance su. Ko gona ce, gai da odikro, wato mai gari, tukuna.

Bashir_Magazine
Kawu gaskiya ne. Ni da na so in ce mu haɗu mu je bakin tafkin Bosomtwe bayan Sallah, inda jama'a ke wanka suna zubar da sarƙa.

Fati_Ayigya
Yaya Bashir, Bosomtwe fa a al'adarsu ba a son ƙarfe ya taɓa ruwan, shi ya sa masunta ke hawan gungumen katako da suke kira padua. Yanzu an sassauta, akwai jiragen inji a Abono, amma ka tambayi dattawan garin kafin ka fito da na'ura.

Rabi_Nima
Gaisuwa daga Ankara. Ni da maigidana muna wannan abin shekara uku ke nan, bakin teku muke zuwa, Labadi da Sakumono, da asuba bayan ranar hutu. Sani, abin da ka ce na ƙusa da marfin kwalba kada ya karya maka gwiwa. Zoben zinariya da marfin gwangwanin lemo kusan lamba ɗaya suke nunawa a na'ura, wanda ya ce injinsa ya tsallake shara to ya tsallake zinariya tare. Sai ka tona ɗari kafin ka ga ɗaya. Pesewa na 2007 zuwa yau kuwa baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe, wata kaɗan a cikin yashi mai gishiri sun ci tsatsa.

Jiƙaƙƙen yashi yana rikita ƙananan injuna kamar yadda jar ƙasarku ta Kumasi ke yi, dole a rage ƙarfin ji a daidaita da ƙasa, ko a sami mai aiki da mita da yawa lokaci guda. Abin da na lura kuma, zinariya ta gaske yadda ta shiga ƙasa haka take fitowa, ko ta shekara nawa. Wannan kore da ja-ja da ka ce, ni dai ban ji daɗinsa ba.

Mu ƙa'idarmu, duk abin da ke da suna ko alama sai mun yi cigiya. Bara mun sami zoben aure da haruffa biyu da kwanan wata a ciki, muka bar saƙo wajen masu gadi, bayan sati biyu matar ta zo, ta faɗi haruffan kafin mu nuna mata. Kukan da ta yi ya fi mini kuɗin zoben.

Malam_Idi_Yalwa
Madalla da Malama Rabi, ta kawo mu inda ya kamata a fara. Kowa na tambaya na gaske ne ko jabu, ba wanda ya tambaya na wane ne. A fiƙihu abu biyu ne. Akwai rikazi, dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne ba a san mai ita ba, a nan ne hadisi ya ce a fitar da humusi, kashi ɗaya cikin biyar. Akwai kuma luƙaɗa, wato tsintuwa, dukiyar da ke da mai ita ko magadansa. Hukuncinta ka kiyaye siffarta, ka yi cigiya shekara guda, wanda ya zo ya siffanta ta daidai ka ba shi. Imamu Malik ya bayyana cewa rikazi binnen jahiliyya ne. Ɗakin da Musulmi suka zauna a Aboabo, da kuɗin zamanin Turawa, wannan ba rikazi ba ne. Sani, wa ya zauna a ɗakin nan?

Awudu_Jado
Allah gafarta Malam, to in gidan na mahaifinsa ne, ba duk abin da ke ƙasan gidan nasa ba ne?

Malam_Idi_Yalwa
Mallakar gida ba ta mallaka maka abin da ɗan haya ko baƙo ya yar a ciki, Malam Awudu. In na kakanninsa ne kuma, ya zama gado, ba na Sani shi kaɗai ba.

Sani_Aboabo
Allah gafarta Malam, na tambayi Baba. Ya ce kakanmu ne ya gina ɗakin, matansa biyu sun zauna a ciki, daga baya aka riƙa ba fataken goro da 'yan haya. Mutane da yawa sun ratsa. @MaiSikeli_Alabar akwai gwajin da zan iya yi a gida kafin in je wajen maƙeri? Na ari ƙaramin sikeli mai nuna ɗigo biyu.

MaiSikeli_Alabar
Akwai, kuma shi masu sayen zinariya ke yi. Auna zoben a bushe ka rubuta. Ɗora ƙaramin kofi da ruwa a sikeli ka mayar da shi sifiri. Ɗaura zoben da zare siriri ka nutsa shi duka cikin ruwan, kada ya taɓa gindi ko gefe, kada kumfa ta maƙale. Rubuta abin da sikeli ya nuna. Raba na farko da na biyu. Zinariya tsantsa 19.3 take bayarwa, karat 18 wajen 15 da rabi, azurfa 10.5, tagulla 8 da rabi. In zoben na da dutse ko cikinsa rami ne gwajin ba ya aiki. Akwai wani ƙarfe tangistan da nauyinsa ya yi daidai da zinariya, amma a sanduna aka fi yin wannan cutar. Kada ka taɓa asid da kanka, bar wa maƙeri ya goga a baƙin dutse ya ɗiga.

Sani_Aboabo
Na yi sau uku. Zobe a bushe 6.20, a ruwa 0.72. Na raba ya ba ni 8.6. Liyari a bushe 28.4, a ruwa 2.77, ya ba ni 10.2 da ɗan kai. Rubutun gefen ma yana nan, sai wurin maratayi da ya shafe.

MaiSikeli_Alabar
To ka ji. Zoben tagulla ne da ruwan zinare, lambar ƙarya ce. Liyarin kuwa azurfa ne, lissafinsa ya zauna daidai da kashi 833.

Zulai_Tafo
Ikon Allah. To me mutumin ya gani da zai ba da 1,500? Ni har yanzu ina ganin akwai wani abu a kwabban nan.

Ɗan_Salaga
Ko ya ɗauka zoben na gaske ne yana so ya saye shi a banza, ko ma'aunin tagullan yake hari. Giram shida na karat 18 a farashin yau ya ninka abin da ya taya sau da yawa.

Nuhu_Asawase
Ni ma ma'aunin nake zargi. Shi ya sa na ce a kai wa masu gidan tarihi su gani.

Sani_Aboabo
Jama'a wani abu ya faru da daddare. Maganar Hajiya_Sawaba da ta Malam ta tsaya mini a rai, sai na je wajen Goggo, ƙanwar Baba da ke Sawaba, ban ɗauki komai ba, na ce mata kawai mun sami farin kuɗi a tsohon ɗaki. Ta yi shiru, sai ta ce, "Maratayinsa ja ne, ba fari ba, kuma an lotsa shi ta gefen hagu?" Wallahi haka yake. Ta ce na mahaifiyarta ne, kishiyar kakata. Ya ɓata tana yarinya, aka zargi wata 'yar aiki da ke gidan har aka mayar da ita garinsu. Goggo ta ce uwarta ta rasu tana cewa yarinyar nan ce ta ɗauka. Tun jiya take kuka tana neman wanda ya san dangin yarinyar, suna kawai ta tuna, da cewa daga wajen Yendi aka kawo ta.

Yanzu Baba ya ce a ba Goggo, wani ƙanensu kuma ya ce gado ne a sayar a raba.

Hajiya_Sawaba
Innalillahi. Allah ya yafe wa mamata, Allah ya saka wa yarinyar nan in tana raye, in ta rasu ya haskaka kabarinta. Kada a sayar, ɗana. Ku ba Goggonka.

Malam_Idi_Yalwa
Siffantawar ta cika, ya fita daga tsintuwa. Amma tun da na mahaifiyarta ne, haƙƙin duk magadan marigayiyar ne, sai in sun yafe mata. Ƙanen nan ɗakinsu ɗaya da Goggo ko ɗan ɗakin kakarka ne? Amsar tana canja hukuncin.

Awudu_Jado
Ni dai a nemi dangin yarinyar tukuna. Akwai 'yan Yendi da yawa a Dagomba Line, dattawansu sun san gidaje.

Bashir_Magazine
Sani, in za ka je Dagomba Line kira ni in raka ka, ina da mutane a can. Ka taho da ma'aunin tagullan mu biya wajen Fati ta gani. Kwabban nan bakwai kuma, ka duba akwai na 1936 a ciki?

Sani_Aboabo
Biyu ne na 1936, ɗaya Edward VIII, ɗaya George V. Malam, ƙanen ɗan ɗakin kakata ne, ba uwarsu ɗaya da Goggo ba. Yaya Bashir, Asabar bayan La'asar ta yi maka?